Jar Ƙasar Uhudu

Lurwanu na cikin ɗaure bakin wata 'yar leda sai wata tsohuwa ta tsuguna gaban tabarmarsa, tana haki saboda saukowa daga tudun maharba.

"Ɗan nan, kana jin Hausa?"

"Ina ji, Hajiya. Iyayena mutanen Damagaram ne, ni nan aka haife ni."

Ta rage murya. "An ce kana da ƙasar shahidai."

A sarari carbi da dabino yake sayarwa a gindin Uhudu. Ƙasar tana ɓoye ƙarƙashin kwali, don ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, ba sa wasa da masu sayar da ita. Kawunsa Abdulfattah ke haɗa ta a unguwar Jurf. Yakan ɗebo turɓaya a wani kango, ya tankaɗe, ya zuba mata jan garin da magina ke rina siminti da shi, har ta yi kalar busasshen jini. Tun da Lurwanu ya fara taya shi cuɗawa tafin hannunsa ke saɓa, yana tsagewa.

Ya zaro leda uku, ya karanto abin da ya haddace: nan aka gwabza, nan mazaje suka faɗi, har yau ƙasar ba ta sake launinta ba. Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora a goshi, idanunta suka kawo ruwa. Ta biya ba tare da ta taya ba.

"Jikata Sumaya na masauki," ta ce, tana ƙullewa a gefen mayafi. "Tun da muka sauka take amai, ko yaye ta ba a daɗe da yi ba. Zan jiƙa mata da zamzam ta sha. Jinin da ya zuba don Allah ba zai bar cuta a cikin yarinya ba."

Lurwanu ya dubi tsagaggen tafin hannunsa. Ya buɗe baki, sai ya ji an taka masa yatsun ƙafa. Kawu ne tsaye a kansa, yana murmushi.

"Allah ya ba da lafiya, ya hajja," in ji Abdulfattah. "A yi mana addu'a."

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shige cikin jama'a.

"Kawu, sha za ta ba ta."

"Uskut, rufe mini baki! Ni na ce ta sha? Don ajiya muke sayarwa." Abdulfattah ya duƙo, murmushin ya gushe. "In ka ɗaga murya a nan, baladiyya za su kwashe mu, da ni da kai da duk 'yan layin nan. Uwarka kuma sai ka san abin da za ka gaya mata. Shi ke nan, zauna."

Lurwanu ya zauna. Ya dubi dutsen, ja wur a cikin rana, ya dubi katangar maƙabarta inda mutane ke tsaye suna sallama ga mamata. Sai ya tashi da gudu, bai waiwayi kiran kawunsa ba.

A filin motoci manyan bas sun jeru, injina na ruri. Ayarin mata ne ke hawa, duk cikin atamfa iri ɗaya da farin mayafi, kowace tsohuwa kamar ita. Bai tambayi sunanta ba, bai san masaukinta ba.

"Kakar Sumaya!" ya yi ta kira, yana bin tagogi. "Hajiyar da ta sayi ƙasa!"

Bas ɗaya ta rufe ƙofa ta tashi, wata ta bi bayanta. A ta ukun ce aka zuge gilashi, wata mata ta leƙo da murna, ta juya tana kiran 'yan'uwanta.

"Ku zo, ga mai ƙasar nan! Yaro, akwai saura?"

Hannaye riƙe da kuɗi suka fara miƙowa ta tagogi.