Na Tankaɗe Kiɗan Baffa

Yaya Hansatu, ajiye abin da ke hannunki ki zauna, kuma kar ki ce min in gajarta! Daren jiya wani mafarki na yi, sai kin ji shi tukuna za ki gane sauran.

Kin dai san tunda na haifi ɗanki Baffa, ko tafi aka yi a gefen kunnensa ba ya waigowa. Malamar asibiti ta ce mu riƙa kunna masa kiɗa mai taushi muna lura, in bai motsa ba a kai shi gwajin kunne. To Baba Tukur maƙwabcinmu, wanda ya yi ritaya daga gidan rediyo, ya tura min kiɗan Turawa na zamanin da a waya, irin wanda mutane cike da ɗaki suke ta goga goge ba mai waƙa. Kiɗan ɗaya ne, ɗauka biyu. Tsohuwar ɗaukar tana shuuu kamar ana suya, har da tarin wani mutum a ciki, amma ya ce ba a sake yin makaɗa irin waɗannan ba. Sabuwar kuwa fes take, sai dai ya ce makaɗan kamar an taso su daga barci. Wai in zaɓa. Ni da ko sakandare ban gama ba? Da wannan na kwanta.

Sai ga ni a kasuwa, Baffa a bayana. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana komawa sama. Kowa ya kifar da lemarsa ya shiga ciki yana tafiya. Ban yi mamaki ba, na dai tattare bakin zanina.

Sai kuma ga ni a ofis. Wata akuya da tabarau tana bayan tebur, fanka na kaɗa mata gemu.

Ta ce, "Kunnen wa za a zuba wa?"

Na ce na ɗana.

"Kin zo da kunnen?"

"Yana jikinsa, ranki ya daɗe."

Ta girgiza kai ta ce matan yanzu ba su da tsari. Sannan ta ce a garin nan sau ɗaya ake zuba wa yaro kiɗa. In bai ji ba, sai a karɓe kunnen a ƙara wa zomaye, ga su can a layi tun safe. Na leƙa taga. Suna nan kuwa, har da mai kujerar roba.

Aka ajiye min daro biyu. Ashe kiɗa a mudu ake auna shi.

Na farkon fari sol, kamar garin da ya fito daga inji. Na ɗanɗana, ba gishiri ba yaji. Da na duba da kyau sai na ga makaɗan a ciki, ƙanana kamar tururuwa, da baƙaƙen kwat. Suna goga goge suna hamma.

Na biyun duk dusa da tsakuwa. Amma da na lasa, sai na ji kamar ranar da Inna ta fara ɗora min Baffa a ƙirji. Makaɗan ciki gumi suke yi. Wani tsoho a gabansu yana kaɗa ɗan tsinke, na ɗauka ƙudaje yake korar musu.

Na ce a raina, wannan ai ba wuya. Mai daɗin zan ɗauka in gyara. Wace uwa ce za ta ba jariri abu da tsakuwa? Na ciro rariya daga ƙugu, ban san yaushe na sa ta a wurin ba, na zauna na fara tankaɗe.

Shuuu ɗin ya fara fita. Na ji daɗi, na ƙara. Sai mai tarin nan ya faɗo, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya miƙe ya kaɗe wandonsa.

Ya ce, "Baiwar Allah, tun kafin a haifi kakarki nake tari a nan, ba wanda ya taɓa korata."

Na ce, "Yi haƙuri malam, na jariri ne."

Na sake tankaɗewa. Gumin makaɗan ya fita. Tsinken tsohon ya fita. Na ce saura kaɗan ya yi laushi. Da na duba daron, babu komai sai shiru, tas da shi.

Akuyar ta sauko daga kujera ta lashe dusar duka. Tana gamawa cikinta ya kama kiɗa, irin mai sa tsigar jiki ta tashi. Ta yi gyatsa ta ce, "Lokaci ya yi. Zuba masa abin da kika gyara."

Na sauko da Baffa na zuba masa shirun. Bai motsa ba. Zomaye suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya suna sallama. Na rufe kunnuwansa da hannuwana, na juya wajen ɗan mutumin nan na ce, "Malam, don Allah yi masa tari ko guda."

Ya ce sai ya yi shawara. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki.

Ƙwalalam!

Na farka, gari ya waye tuni. Ashe baban Baffa ne ya shiga neman ɗumame, murfin tukunya ya suɓuce masa. Yaya, Baffa ya zabura! Ya watsa hannuwa, ya juya kansa wajen ƙofa, ya tsala ihu! Na ce wa babansa, "Sake yar da shi!" Ya tsaya yana kallona da cokali a hannu. Na ce sake mana! Ya sake, yaron ya sake zabura. Yana kuka, ina kuka, babansa yana ta jefa murfi a ƙasa har maƙwabta suka leƙo ko faɗa muke.

Asibitin dai za mu koma su duba. Amma ki tashi yanzu ki gaya wa Inna, ki ce ta sauke man da take ta shirin ɗiga masa a kunne. Jikanta yana ji!