Ranar da Aka Saki Auta

Ni ce 'yar autar Baba har na kai shekara ashirin da huɗu, sannan barewa ta ƙwace mini sunan.

Baba tela ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a jikin gidanmu, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon tsakar gida. Wata huɗu bayan rasuwar Mama, wani direban babbar mota da Baba ke yi wa ɗinki ya shigo da kwali a hannu. Ya ce ya buge wata barewa a hanya, da ya sauko sai ya tarar da 'yarta tsaye a gefen titi tana rawar jiki, shi kuwa bai san yadda zai yi da ita ba. Ya ajiye kwalin kusa da keken ɗinki, ya karɓi wandonsa ya tafi.

Baba da ko shayi bai iya haɗa wa kansa ba, sai ga shi yana dama madara a bulumboti, yana ɗigawa a bayan hannu ya ji ko ta yi zafi. Ya tara mata guntayen yadi a ƙarƙashin teburin yanka, nan take kwanciya. In keke yana tafiya sai ta lumshe ido, in ya tsaya ta ɗago kai ta dube shi kamar mai cewa ci gaba mana. Ya sa mata suna Auta. Ni kuwa in na zo gaishe shi sai ya ce, "Tsohuwar auta, sannu da zuwa. Ki gaida ƙanwarki." Yayanmu, wanda ke zaune a wani gari mai nisa, in ya bugo waya yakan ce a tabbata an sa sunanta a rabon gado.

Shekara shida suka yi tare. Ta cinye masa tef ɗin awo uku, da hannun rigar wani mutum da aka kawo gyara. In Baba ya tafa hannu sau biyu, duk inda take a gidan sai ta zo, don ta san akwai gyaɗa a aljihunsa na dama.

Maigidana mai ɗaukar hoto ne. Yana aiki da wata ƙungiyar kare namun daji, shi ke ɗauko musu hotunan da suke sawa a kalanda da rahoton ƙarshen shekara. Ya iya aikinsa, wannan ba zan rage masa ba. Amma a shekarar nan ya yi wata uku yana shiga daji yana dawowa da ƙaiƙayin cizon ƙwari da hotunan ciyawa. Bareyin gandun da suke kula da shi sun yi ƙaranci, waɗanda suka rage kuma daga nesa suke jiyo mutum su ɓace. Darakta, matar da ke shugabantar ƙungiyar, ta fara yi masa magana a gaban mutane.

Wata Asabar muka je gaida Baba. Maigidana ya zauna a kan benci yana kallon Auta tana tauna ganyen kabeji. Ya ɗauke ta hoto kusan ashirin, ya duba, ya yi tsaki.

"Duk famfo da bokiti ne a bayanta," in ji shi.

Ranar Litinin ina wanke kwanuka na ji shi a falo yana waya da Darakta. Na ji ya ce "gidan surukina", na ji ya ce "doka ai ta hana", na ji ya ce "za mu gayyaci baƙi su gani da idonsu". Da ya gama ya shigo kicin ya same ni tsaye da soso a hannu. Ya ce, "Don amfaninta ne. Dabbar daji a shagon tela?" Na buɗe baki, na tuna yadda yake komawa in aikinsa ya cije, na rufe. Ban buga wa Baba waya ba.

Ranar Alhamis jami'an gandun daji biyu suka je da takarda. Suka ce wa Baba ajiye irin wannan dabba a gida laifi ne, amma ba za a kai shi ko'ina ba tunda ƙungiya ta yi masa alfarma: za a mayar da ita daji, a kuma gayyace shi. Baba ya kira maigidana a waya yana neman taimako, yana cewa, "Malam, kai ka san manyan nan, ka sa baki." Maigidana ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa. Ina zaune kusa da shi.

Tafiyar awa uku ce. Baba ya ƙi shiga gaban mota, ya zauna a baya tare da akwatin katakon da aka sa ta, ya zura yatsunsa ta ramukan iska. Da muka isa mun tarar an kafa rumfa a bakin wani fili mai ciyawa har gwiwa, an jera kujerun roba, an ɗaure ƙyalle mai tambarin ƙungiya. Baƙi sun kai talatin. Darakta ta yi jawabi, ta ce yau za a mayar wa daji da 'yarsa. Maigidana ya kwanta rub da ciki can gefe, da kyamara mai dogon baki, rana a bayansa.

Babban jami'in, wani dogo mai gashin baki, ya zare ƙofar akwatin. Auta ta fito a hankali, ta shinshina ciyawa, ta yi atishawa. Ta dubi filin, ta dubi rumfar, sai ta tako kai tsaye ta cusa hanci a aljihun Baba.

Baƙi suka fashe da dariya. Har Baba ya yi murmushi.

Aka mayar da ita akwati, aka matsar da Baba bayan mota, aka sake buɗewa. Ta zagayo motar ta same shi. Aka yi na uku, haka. Dariyar ta ragu. Darakta ta duba agogonta. Maigidana ya taso, gwiwoyinsa duk ƙasa, ya ce rana tana hawa, nan da rabin awa hasken zai lalace.

"Baba, ku kore ta," in ji shi.

Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Tafi, Auta. Je ki." Ya tafa hannu don ya tsorata ta, ya manta abin da tafi yake nufi a wurinta. Ta ƙara matsowa tana kaɗa wutsiya.

Dogon jami'in ya karyo reshe, ya zage ganyen, ya miƙa masa.

"Tsoho, in mu muka doke ta, wurinka za ta gudo. Sai daga hannunka za ta gane. In kuma ta ƙi tafiya yau, gidan namun daji za mu kai ta, keji da siminti har ta mutu. Zaɓi ya rage naka."

Baba ya riƙe reshen kamar bai san me ake yi da shi ba. Ya ɗan taɓa ta da shi a cinya. Ta juyo ta fara cin ɓawon.

"Ba haka ba, Baba, da ƙarfi!" Maigidana ya koma ya kwanta. "Kuma ku matsa hagu kaɗan, kuna shiga hoton."

Baba ya matsa hagu. Ya tsula mata. Ta yi tsalle gefe, ta tsaya taku goma daga gare shi, kunnuwa a miƙe, tana kallonsa. Sai ta fara dawowa, kai a ƙasa. Ya sake tsula mata, a fuska wannan karon. Na ji sautin daga inda nake. Ta ja da baya, ta sake tsayawa.

"Saura kaɗan," in ji maigidana daga cikin ciyawa. "Ku sa ta yi gudu."

Ban ga lokacin da Baba ya sunkuya ba. Na dai ga dutsen ya tashi, ya same ta a haƙarƙari. Ta yi wani kuka da ban taɓa jin ta yi ba a shekara shida, ta juya ta tashi sama, ƙafafu huɗu duk a iska. Kyamara ta yi ta ƙyas-ƙyas-ƙyas. Baƙi suka miƙe suna tafi. Wata mata kusa da ni tana share hawaye, tana cewa ba ta taɓa ganin abu mai kyau haka ba.

Darakta ta zo ta gode wa Baba, ta ba shi hula mai tambarin ƙungiya da robar ruwa. A hanyar dawowa ya shiga gaban mota, hular a kan cinyarsa.

Hoton ya fito yadda maigidana yake so. Barewa a sama, rana a kan gashinta, ciyawa kamar zinariya, babu mutum ko ɗaya. Aka sa shi a bangon kalanda, aka buga babba aka rataye a ofis, aka buga wani aka kawo falonmu. Darakta ta daina yi masa magana a gaban mutane.

Bayan kamar wata biyu ina neman hotunan yara a kwamfutarsa, na buɗe wani wuri da ba nan ba ne. Na ga fata a shanye a ƙasa, an kafe ta da tsinke ta kusurwa huɗu. Na ga kai a cikin kwano. Na san kunnen, akwai 'yar tsaga da almakashin Baba ya yi mata tana ƙarama. Da ya dawo na tambaye shi. Bai yi musu ba. Ya ce kwana tara ta yi. Ta fita daga gandun ta shiga wani ƙauye da ke bakinsa ranar kasuwa, ta ji ƙarar keken wani tela a rumfa, ta je ta kwanta kusa da ƙafarsa. Ko gudu ba a yi da ita ba. Jami'ai suka kai maigidana ya ɗauki hoton abin da ya rage don rahoton cikin gida.

"Kada ki gaya masa," in ji shi. "Me zai ƙara masa?"

Ban gaya masa ba.

Duk zuwan da za mu yi, tambayar Baba ɗaya ce: an gan ta? Maigidana yakan ce an gan ta, ta shiga garke, ta yi ƙiba. Da tambayar ta yi yawa sai ya buga masa hoton wata barewa da ya ɗauko daga nesa. Baba ya sa tabarau, ya kai hoton bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana dubawa.

"Malam, wannan ai namiji ne."

Maigidana ya ce ya ɗauko wanda ba shi ba ne, zai kawo na gaskiyar.

Sati biyu bayan haka, ran wata Lahadi da hantsi, Baba ya zo gidanmu ba tare da ya sanar ba. Ya sa rigarsa ta fita, da leda cike da gyaɗa a hannu. Maigidana yana falo da abokan aikinsa biyu, suna shirya kayan tafiya daji. Baba ya gaishe su, ya zauna a bakin kujera, ya ce ya ji za su shiga gandun gobe, yana roƙon a tafi da shi. Ba zai matsa kusa ba. Ba zai kira ta ba. Daga cikin mota ma ya isa.

Maigidana ya ce babu wuri a motar. Baba ya ce zai zauna a baya. Maigidana ya ce doka ba ta yarda ba. Baba ya ce ai ranar an yarda. Ɗaya daga cikin abokan ya sunkuyar da kai yana danne dariya, maigidana kuma ya gani.

"Baba, ta mutu," in ji shi. "Tun kwana tara da sakinta. An yanka ta an cinye."

Baba ya dube shi.

"Kuma in gaskiya kuke so, ku kuka kashe ta. Ku kuka koya mata cewa mutum abin zuwa wurinsa ne. Shekara shida kuna ba ta gyaɗa a hannu. Da kun kawo ta tun tana ƙarama da yanzu tana da jikoki. Mu gyara muka zo yi, mun makara ne kawai."

Ba ihu ya yi ba, a hankali ya faɗa, yana naɗe igiyar caja a hannu. Baba ya ɗaga kai ya dubi babban hoton da ke bango. Ya miƙe, ya ce musu a sauka lafiya, ya fita. Ledar ta rage a kan kujera.

Na bi shi ba mayafi. Na cim masa a bakin titi yana jiran mota. Na ce, "Baba, na sani. Tun kafin a kawo takardar na sani, shi ya kai ƙara. Mutuwarta ma na sani."

Ya ce, "To."

Na ce ya yafe mini. Ya ce in koma ciki, mutane suna kallona. Mota ta zo ya shiga.

Bai sake taka gidanmu ba. In na je gaishe shi yana amsawa, yana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, yana kirana da sunana na yanka, wanda rabon da ya kira ni da shi tun ina firamare. Ya ci gaba da ɗinki kamar wata biyar, sannan ya ce idonsa ya yi rauni. Ya bai wa wani maƙwabci keken, ya kulle gidan, ya koma wurin Yaya.

Ni ina nan gidana. An ƙara wa maigidana girma, yanzu shi ke koya wa sababbin ma'aikata ɗaukar hoto, yana yawan gaya musu cewa aikin nan haƙuri yake so. Mun ƙara haihuwa biyu.

Baba ya rasu a can a shekara ta uku. Kafin in isa an riga an kai shi. Yaya ya ce bai sha wahala ba, yana cikin hankalinsa har ƙarshe, ya yi wa kowa sallama, har mai kawo musu ruwa. Na tambaye shi ko Baba ya bar mini wani saƙo. Ya ce a'a. Da zan hau mota washegari na sake tambayarsa, ya ce a'a.