Sunan da Rumasa'u Ba Ta Faɗa

Da Rumasa'u ta tashi daga kantin maganin da take aiki a Wheaton, gida ƙafafunta suke so. Amma ta riga ta yi wa Umaima alkawari, don haka ta kama hanyar Annandale cikin cunkoso tana tsaki ita kaɗai.

Umaima 'yarta ce, haihuwar nan ƙasar Turawa, ta karanta harkar fim. Shekara biyu ke nan ba ta da zance sai na fim ɗin da take haɗawa a kan 'Yan Gefe, wato su Rumasa'u da abokansu a Zariya lokacin soja, matasan da ke buga waƙoƙin zambo a ɓoye suna liƙawa a bango. Jagoransu Muntaka, mahaifin Umaima, bara Allah ya yi masa rasuwa. Ya rigaya ya huta, ya bar Rumasa'u da amsa tambayoyi.

A wani ɗan ɗaki mai sanyin tsiya Umaima ta kunna mata abin da aka haɗa. Ga wata yarinya siririya cikin wandon jins da aka ce wai ita ce. Wandon gaskiya ne, ta sa, har ta sha zagi a kansa. Sigarin da ke hannun yarinyar ma ba a yi mata ƙazafi ba. Sai aka zo inda 'yan sanda suka jefa saurayin da ya fito a matsayin Muntaka a mota, yarinyar ta biyo su a guje tana ƙwala kiran sunansa, unguwa duk tana ji.

Rumasa'u ta cire tabarau ta murza ido.

"Wannan kuma wace ce?"

"Ke ce mana, Mama."

"Ni? Allah ya kiyaye."

Umaima ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Ta jawo makirfo ta ajiye a gabanta, ta yi bayani rabi Hausa rabi Turanci. Abu ɗaya ya rage. Idan fim ya ƙare, hoto ya ɗauke, so take a ji muryar Rumasa'u ta gaskiya tana kiran sunansa sau ɗaya. Ba tare da wannan ba, in ji ta, fim ɗin ba shi da ƙarshe.

Gajiya ta sauko wa Rumasa'u har ƙashi. Ita da ta ambaci gwamna da sunansa a waƙa, ta kwana a bayan kanta saboda haka, tun ranar da aka ɗaura musu aure sunan mijinta bai taɓa fitowa daga bakinta ba. Babu wanda ya tilasta mata. Al'adu da yawa ta yi fatali da su da gangan, wannan kuwa ta riƙe ta don tana so.

"Mama, please. Suna ne kawai. Ku da kuka yi tawaye?"

"Tawaye muka yi wa soja, Umaima. Ba mu yi wa kunya ba."

"To ta yaya masu kallo za su san kin so shi?"

Maganar ta yi mata zafi, ta kuma ba ta tausayi. Yarinyar nan a gabanta aka yi zaman, amma sai ta gani a fim za ta yarda. Idon Umaima ya ciko, ta kai hannu za ta janye makirfon.

"Bar shi," in ji Rumasa'u. "Kunna."

Jar fitila ta kama. Rumasa'u ta gyara mayafi, ta buɗe baki da niyyar ta yi wa 'yarta abin da take so a wuce wurin. Harafin farko ya zo leɓenta ya tsaya. Sai ta ɗan karkata kai gefe, yadda take yi daga kicin idan yana falo ya dulmiya cikin takardu, ta ɗaga murya kaɗan.

"Kana ji?"

Umaima ta daskare a kujera. Da wannan kiran ta tashi, kullum safe da yamma, ba ta taɓa lura cewa shi ne sunan babanta a gidan ba.

Rumasa'u ta kasa kunne. Kanta na karkace, tana jiran a ce mata "Ina ji." Na'urar ta ci gaba da ɗauka, Umaima kuma ba ta kashe ba.