Baba Ya Nuna Mini Birni

Shekara arba'in Baba yana jan tasi a Seoul, amma bai taɓa ganin garin daga sama ba. Shi ya sa ranar da ya cika saba'in, bayan ya sha miyar ganyen teku da muke sha ranar zagayowar haihuwa, na ce mu je dogon benen nan na bakin kogi da ake hawa don kallon gari.

Ba don murna kaɗai na kai shi ba. Yayana Sang-cheol ya kafe cewa idon Baba ya mutu, a karɓe makullin mota, a sayar da lasisin tasin, Baba ya koma gidan Yaya a garin Daejeon. Ni kuwa na tsaya wa Baba, har na ce wa Yaya tsufan nasa ya fi na Baban sauri. Ina so in koma da hujjar da za ta rufe masa baki.

Damina ce. Yarinyar da ke sayar da tikiti ta gaya mini gajimare ya rufe saman, babu abin da za mu gani. Baba yana can nesa yana gyara hularsa, bai ji ba. Na saya duk da haka, ina fatan ya yaye.

Bai yaye ba. Hawa na ɗari da wani abu, kowace taga fara fat kamar an manna takarda. Mutanen wurin ba su fi biyar ba, kowa na latsa waya. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri ke nan, sai ya ja hannuna zuwa gilashin.

"Hye-ran, dubi kogin Han. Ga gadar can da nake bi kullum."

Na ɗauka tsokana ce irin tasa, har na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ci gaba da nuni da yatsa, ga filin wasa, ga kasuwar kifi, ga tudun da muka zauna lokacin Mama tana raye. Har ya yi tsaki wai motoci sun cushe a kan gada, direbobin yanzu ba su da kan gado. Komai a gurbinsa ya faɗa, don garin a kansa yake. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, tausayinsa da haushinsa suka kama ni lokaci guda.

Na so in yi shiru, wallahi na so. Amma gobe da safe fasinjoji za su shiga motarsa.

"Baba, babu abin da ake gani. Gajimare ne."

Yatsansa ya daɗe a kan gilashin kafin ya sauke.

"Tun yaushe?"

"Tun da muka hau."

Ya gyaɗa kai. Bai yi musu ba, abin da ban taɓa gani ba a wurinsa. Muka zauna a benci, ya ce tun bara yake bin fitilun motar da ke gabansa, kuma bai taɓa ko gugar kowa ba. Na ce na sani. Ya tambaya ko zan kira yayana, na ce zan kira shi.

A cikin lif, muna sauka, ya ce a hankali, "To bari dai in kai ki gida. Wannan kaɗai."

Duk rayuwata ban taɓa ce masa a'a ba. Na miƙa masa tafin hannuna ina jiran makullin, na bar shi a buɗe har muka iso ƙasa.