Kwano na Shida

Da tawul biyu ta naɗe kwanon kafin ta sa shi cikin jaka. Babbar 'yarta ta tsaya a ƙofar falo, baki buɗe.

"Umma, yau ke da kanki kika buɗe kabad ɗin?"

"Miƙo min kular shinkafar nan."

Shekara tara ke nan tana tara kayan cin abinci 'yan Japan. Duk abin da keken ɗinkinta ya kawo, sai ta bi shagunan gwanjo tana ɗaga faranti tana duba gindinsa. Waɗanda ta fi ji da su wasu kwanuka ne shuɗaye masu zanen kifi. Sai dai biyar ne, su kuwa a gidan su shida ne: ita, maigidan da yara huɗu. Mai shagon ya rantse mata can ƙasar biyar-biyar ake haɗa su, ta ce ya dai ɓatar da ɗaya. Ta yi alkawari ba mai ci a ciki sai ta samo na shida.

Maigidan ya sa mata suna Kar-a-taɓa. Kullum ya zauna gaban farantin roba sai ya dubi kabad ya ce, "Kifayen nan dai sun fi ni gata." Ita kuma ta ce ya yi haƙuri, saura ɗaya.

Yau kwanansa huɗu a asibiti bai sa komai a bakinsa ba. Ta ce wataƙila in ya ga kwanon ya ci.

A bas ta rungume jakar. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji komai ba ma, ƙidaya fitilun hanya kawai take yi.

A bakin ɗakin nas ta tare ta. "Baiwar Allah, likita ya hana. Ko ruwa ba zai sha ta baki ba yanzu."

"Har yaushe?"

Nas ɗin ta gyara takardun hannunta, ta ba ta hanya.

Ta shiga. An zura masa roba ta hanci. Ta warware tawul, ta ɗora masa kwanon a ƙirji haka nan, ba komai a ciki. Ya daɗe yana shafa kifin da babban yatsa.

"Kar-a-taɓa, ashe ba shi da nauyi," ya ce. "Nawa ne ma?"

"Biyar."

"To, ki daina wahalar neman na shidan. Sun kusa isarku."

Ta naɗe kwanon, ta mayar da shi jaka. Ta zauna har aka kaɗa ƙararrawar tashin masu dubiya.

Da yamma ta fito da sauran huɗun, ta wanke musu ƙurar shekara tara, ta jera su da na jakar a tebur. Ta raba shinkafar da ta dawo da ita. Yaran suka zauna, ita ma ta zauna.

Kowa ya samu nasa, ba wanda ya rasa.