Tumbi a Ƙasan Jaka

Shekarar da council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe cibiyar renon yara inda nake aiki, tumbi da hanji ne suka riƙe gidanmu a unguwar Sparkbrook. Mahaucin Stratford Road kusan kyauta yake ba da su. Ni da na tashi a Jos, hancina bai san wani abu wai shi warin kayan ciki ba. 'Yata Kaneng ce ta san shi. Duk ranar da na ɗora tukunya sai ta kwashe kayan makarantarta ta shige ɗaki, ta toshe ƙasan ƙofa da tawul.

"Mum, it stinks," take cewa, wai yana wari, yara na yi mata dariya a bas. Ko romon ba ta taɓa kurɓa ba. Abin ya ci mini rai fiye da yadda na nuna.

Da ta gama jami'a a Manchester ta zauna a unguwar Rusholme, sai ta gayyace ni in ga saurayinta, wani Bafaranshe mai suna Bastien. Ta ja mini kunne a waya cewa kada in zo da komai. Na ce to. Na dafa farfesuna na tumbi, na zuba a roba, na naɗe robar da leda uku, na cusa ta ƙasan jaka. Ban iya zuwa gidan mutane hannu wofi ba.

Tun daga matakala wani wari ya tare ni. Bastien ne ke soya sosej ɗin garinsu, andouillette, hanjin alade da aka yayyanka aka ɗura cikin wani hanjin. Yana dariya ya ce ko a Faransa rabin mutane gudunsa suke yi. Ban ga laifinsu ba. Tukunyata kusa da wannan ai turare ce.

Na ci, kuma da daɗi, barkono kawai ya rasa. Amma idona na kan Kaneng. Ta riƙe numfashi kamar yadda take yi tun tana ƙarama in za ta wuce kicin ɗina, ta yanka, ta haɗiye, ta yi masa murmushi. Haka ta yi har ta share farantin. Ashe tana iya daurewa. Kishi ya kama ni sosai, na bar jakata a rufe.

Da yamma ta raka ni jiran bas a Wilmslow Road. Muna tsaye ta ce, "Mama, tun a bakin ƙofa na ji abin da ke cikin bag ɗinki."

Na ce, "Za ki ci?"

Ta ce, "Ki bar mini. I think Bastien zai so shi."

Na kwance ledojin ɗaya bayan ɗaya, na miƙa mata robar. Na ce ta ɗumama a wuta kaɗan-kaɗan, kuma ta buɗe taga.