Baƙin Tabo a Farar Ƙwallo

Tabon farko a jikin farar ƙwallo ya fito, wani ɗan baƙin zane kamar an ja da farce. Mai Tebur ya huro masa iskar baki, ya murje da gefen riga, ya mayar da ita. Kafin a gama wasa na biyu, rawaya ta samu nata, ja ma ta samu. Ya sake gogewa yana tsaki. Mutum ne da in ƙuda ya sauka a kan koren ƙyallen teburinsa sai ya raka shi har bakin ƙofa da zagi.

Teburan sinuka biyu gare shi, a wani dogon ɗaki a ƙasan benen da yake zaune da iyalinsa da mahaifinsa. Ranakun mako sai mutum ɗaya ko biyu su leƙo. Asabar ce ke riƙe da wurin, ranar da kanikawan garejin bayan layi ke zuwa su goma sha biyu, su wuni suna wasa suna gardama. In suka daina zuwa, sai dai ya rufe ƙofa, kuma ya san da haka sarai.

Babbansu, wanda ake kira Dogo, shi ya fara magana. Ya ɗaga farar ƙwallon saitin fitila ya ce, "Mai Tebur, wannan abin fa ba ado ba ne. In tabon nan ya haɗu da wata ƙwallon, riƙe ta yake, ta kauce. Rami a buɗe na rasa ɗazu."

"Ko dai hannun ne ya kauce?" in ji wani daga baya. Aka yi dariya, ban da Dogo da Mai Tebur.

Daga nan Mai Tebur ya shiga farautar mai laifi. Ya ce alli ne, ya zubar da kwali guda ya sayo wani. Tabo ya dawo. Ya ce kan sanduna ne, ya zauna ya canza su ɗaya bayan ɗaya har yatsunsa suka manne da gam. Tabo ya dawo. Ya kwashi ƙwallayen a jaka ya kai wa wanda ya sayar masa, da niyyar yi masa tas. Mutumin ya wanke su, ya zuba a teburin shagonsa, suka buga kusan awa guda, ko ɗigo bai fito ba. Mai Tebur ya dawo gida da jakarsa da kunyarsa, ya huce a kan fanka, wai ita ke zubo ƙura.

Mahaifinsa ne kaɗai farautar ba ta shafa ba. Baba ya shekara arba'in yana gyaran takalma a bakin titi, har ranar da aka faɗaɗa titin aka ɗauke rumfarsa. Ya yi watanni a sama yana kallon bango, magana ma sai an ja ta daga bakinsa. Da fatun bakin ramukan teburan suka yage, shi ya yanko sabuwar fata ya ɗinke ramuka goma sha biyun nan da hannunsa, ɗinkin da kowa ya yaba. Tun daga lokacin ya karɓi makulli, kullum da safe ya sauko ya share ɗakin, wai yana duba aikinsa. Har dariyarsa aka fara ji.

To, da alli ya fita, sanda ta fita, ƙwallo ta fita, wa ya rage? Mai Tebur ya dubi hannayen kanikawa, ya ga baƙin mai a ƙarƙashin farata, ya ce ya gano. Asabar ta gaba ya ajiye bokiti da sabulu a bakin ƙofa, har da tawul. Wauta ce, amma a lokacin gani yake ya yi dabara.

Dogo ya tsaya a kan bokitin ya daɗe yana kallo. "Mu ne ƙazaman ke nan?"

"Ba haka nake nufi ba, Dogo. Gwaji ne kawai."

Suka wanke hannu ɗaya bayan ɗaya. Aka jera ƙwallaye, aka fasa su da bugun farko. Minti goma ba a yi ba, fara ta faɗa rami ta fito da baƙin zane a gefe. Dogo ya ɗora ta a tafin hannunsa mai ƙamshin sabulu ya miƙa masa.

"Shekara huɗu muna zuwa nan," ya ce. "An buɗe sabon wuri kusa da gidan mai, sun yi ta kiranmu muna ƙi saboda kai. Asabar mai zuwa in muka ga tabo ɗaya, ka yafe mu."

Makon nan Mai Tebur bai ci abinci da daɗi ba. Matarsa ta ce ko a barci ƙwallo yake gogewa. Ranar Juma'a ya kasa jiran ƙarfe goma da ya saba sauka, ya sauko tun bakwai don ya sake wanke ƙwallayen. Tun daga matakala ya ji ana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, da wani ƙamshi da ya sani tun yana yaro.

Baba na durƙushe a kusurwar tebur, gwangwanin baƙin man takalmi a buɗe a gefensa. Yana lakato man da tsumma, yana shafa wa fatar bakin rami, yana bi da burushi har ta ɗauki ƙyalli. Mai Tebur ya ɗauki farar ƙwallo ya goga a fatar. Ta fito da baƙin zane.

"Baba! Ashe kai ne!"

Tsohon ya ɗago yana murmushi, bai gane ba tukuna. "Fata in ba ta sha mai tsagewa take yi. Kullum sai na ba su."

"Kullum! Wata biyu ina hauka, na zubar da alli, na ci mutuncin mutane da bokiti, ashe a gida abin yake! Nan rumfar takalma ce? Wa ya sa ka? Don Allah ka zauna a sama ka huta, ka bar ni in nema mana abinci!"

Maganar ta gama fita kafin ya ji nauyinta. Baba ya dubi ƙwallon, ya dubi burushin da ke hannunsa. Ya rufe gwangwanin a hankali.

"Ban san yana kama ta ba," ya ce. "Samo min sifirit da tsumma mai tsabta."

Wuni guda ya yi a durƙushe yana cire man daga rami zuwa rami. Duk wanda ya gama sai ya goga farin ƙyalle ya duba, in ya ga alamar baƙi ya sake. Mai Tebur ya kawo masa kujera, Baba ya ce a'a. Ya kawo ruwa, ya ce ya ajiye. Sau uku Mai Tebur yana buɗe baki zai ba shi haƙuri, sai ya ji kansa yana tambaya ko sifirit ɗin ya isa. Da Baba ya gama na goma sha biyu, ya ɗora makulli a gefen tebur, ya dafa bango ya hau sama.

Ranar Asabar aka wuni ana wasa, fara ta shiga rami ta fito ba adadi, tas da ita. Dogo ya ci wasa huɗu a jere, ya daki kafaɗar Mai Tebur ya ce magana ta wuce, suna nan. Da zai fita ya waiwayo. "Ina tsoho? Yau ban ji muryarsa ba."

"Yana hutawa," in ji Mai Tebur.

Washegari da safe ya ɗauko takalmansa na fita, waɗanda suka yi ƙura har dunduniyar ɗaya ta fara ɓantarewa, ya ajiye su a ƙofar ɗakin Baba ya sauka. Ya share ɗakin wasan da kansa, yana kasa kunne ko zai ji ƙarar burushi daga sama. Da azahar ya hau. Takalman na nan da ƙurarsu, an dai jera su a jikin bango don kada wani ya yi tuntuɓe.